Share fage ba a waya yake ba, a Giginya yake

Daga shigowar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, duk majalisar da ka zauna a Sakkwato, daga Mabera har Runjin Sambo, hirar 'yan ƙwallo guda ce: wa aka sayo, wa ya sauka a sansanin horo, wa ya ci wa a wasan sada zumunta. Gidajen kallo da a da suke hutawa in kaka ta ƙare, yanzu sai ka ga an rubuta a allon ƙofa da alli cewa Arsenal za ta buga a Amurka ƙarfe biyun dare, kuma a samu masu zuwa. Ni mai son ƙwallo ne tun ina yaro, kuma wannan ɗoki yana burge ni. Abin da yake damuna shi ne mun ɗora idonmu a kan abin da bai da nauyi, mun bar mai nauyin.

Sakamakon wasan share fage ba ya gaya maka komai. Magoya bayan Manchester United sun fi kowa sani. A 2014 Louis van Gaal ya kai su Amurka, suka doke Real Madrid da ci 3 da 1 a Michigan gaban mutum fiye da dubu 109, suka ɗauki kofin wannan rangadi. Da aka buɗe gasar Firimiya, Swansea ta zo har Old Trafford ta doke su 2 da 1. A Yulin 2022 kuma suka zura wa Liverpool huɗu ba ko ɗaya a Bangkok, wasan farko na Erik ten Hag. Kafin Agusta ya yi nisa Brighton ta ci su a gida, Brentford ta yi musu 4 da nema. Dalilin a fili yake. Koci yakan sauya kusan duka 'yan wasansa bayan hutun rabin lokaci, manyan taurari ba su daɗe da dawowa hutu ba, ita kanta tafiyar ta neman kuɗi ce da tallar riguna.

Amurkawa, a ƙwallonsu da ake runguma a gudu da ita, sun ga irin wannan: a 2008 Detroit Lions ta ci wasanninta huɗu na share fage, sannan ta sha kashi a duka wasanni 16 na gasar. Amma akwai abin da nake sha'awa a tsarinsu. Kowace ƙungiya a gasarsu ta NFL tana shiga sansani a ƙarshen Yuli da 'yan wasa har 90, a tace su zuwa 53, kuma da yawa suna buɗe ƙofa magoya baya su zo su kalli atisaye. Mutum yana ganin wanda ya dawo da ƙiba, da yaron da ba a san sunansa ba yana neman ƙwace gurbin babba. Labarin sansani a can labarin aiki ne.

To mu fa? Muna da Sokoto United, muna da filin Giginya a tsakiyar gari. A 2024 ƙungiyar ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na gasar NNL a Enugu, inda ake raba tikitin hawa babbar gasa, El-Kanemi Warriors da Nasarawa United suka haye daga ɓangaren Arewa, mu muka dawo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kusa muka kai. Amma tambayi matashin da ya hana kansa barci don wasan Arsenal ya faɗa maka sunan mai tsaron ragarmu, ko ranar da za a shiga sansani. Shiru za ka ji. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin wanda ba a kira ba ba ya amsawa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili da sassafe lokacin tantance 'yan wasa ya san abin da nake nufi da aiki. Yara sun zo daga unguwanni da ƙananan hukumomi, wani da takalmin aro da ya yi masa yawa, ya cusa takarda a gaba. Koci na tsaye da usur da ɗan littafi. A ba yaro minti ashirin ya nuna abin da ya iya, in ƙwallo ba ta zo wajensa ba shi ke nan, sai baɗi. A nan ake yanke yadda kaka za ta kasance. Kuma a nan ciwon ƙungiyoyin jihohi yake a ko'ina a Najeriya: kuɗi daga gwamnati yake fitowa, in ya makara sansani ya makara, sai a sallami rabin ƙungiya a ɗebo sababbi ana saura 'yan makonni. Manomin da bai yi sharar gona ba har ruwa ya sauka, ya san abin da zai girba.

Ga mu kuma da wani nauyi da wasu ba su da shi. Sakkwato tana ƙurya, kusan kowane wasan waje tafiyar yini ce a mota, ta Gusau da Funtuwa. In kaka ta kai Maris da Afrilu, zafi yakan wuce maki 40. Ƙafar da ba a gina ba tun da damina, lokacin da gari ya yi sanyi ciyawa ta fito, ba za ta ɗauki wannan ba. Kano sun gane haka, shi ya sa gasar share fage ta Ahlan take tara ƙungiyoyi a can kafin a fara kaka, 'yan kallo su ga sababbin 'yan wasan Pillars da idonsu.

Abin da nake roƙon masu riƙe da ƙungiyarmu bai fi ƙarfinsu ba. A sa ranar shiga sansani da wuri, a sanar a rediyo da Facebook. A riƙe ginshiƙan bara, a biya su haƙƙinsu kafin a nemo baƙi. A ware rana guda a mako a buɗe ƙofar Giginya kyauta, iyaye su kawo yara su ga atisaye. A gayyato Katsina United ko wata ƙungiya daga Jamhuriyar Nijar, tunda Birnin Ƙonni tana nan kusa da Illela, a buga wasan gwaji da la'asar. Ni dai in an buɗe, ina cikin masu zuwa, kuma zan taho da 'yan majalisarmu.