Ƙauyen Ars da Abin da Masu Ziyara Suke Mantawa

Mu mazaunan Basunda ta ƙasar Gadarif mun san tafiyar ibada. Da yawa daga maƙwabtanmu Hausawa Musulmi jikokin mutanen da suka taso da ƙafa ne daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, suka yi zango a Sudan, zangon ya zama gida. Wasu kuma sun biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Ganin irin wahalar da suka sha ya sa nake auna tamu ziyarar, mu Kirista.

Akwai wani ƙauye a Faransa, arewa da birnin Liyon, ana kiransa Ars. A 1818 aka aiko masa Fada Jean-Marie Vianney, mutumin da Latin ya kusa hana shi zama firist. Mutanen ƙauyen wajen 230 ne, yawancinsu sun yi sanyi da zuwa sujada bayan juyin juya halin Faransa. Ya shiga gida gida yana gaishe su. A 1824 ya buɗe makarantar 'yan mata, wadda ta zama gidan marayu. Kowace rana yana koyar da katikisim. Da labarinsa ya bazu, dubban mutane suka riƙa zuwa kowace shekara, shi kuwa yakan zauna har sa'a 16 a yini yana sauraron masu furta zunubi. Ya rasu ran 4 ga Agusta 1859. Paparoma Pius na 11 ya sa shi cikin tsarkaka a 1925.

Ga inda nake da magana. In ana ba da labarin Ars a yau, an fi ambaton gawarsa da ke cikin akwatin gilashi, da babbar majami'a, da al'ajibai. Amma mutanen farko ba gini ya kai su ba. Nauyin zunubi ya kai su, suka yi kwanaki a layi domin su sauke shi. Wanda ya je ya ɗauki hoto ya dawo da halinsa na dā, kuɗin jirgi kawai ya kashe.

Ba na cewa a kwaikwayi Vianney a komai. Ya tsananta a kan rawa, har yakan hana gafara ga wanda ya ƙi barinta. Katikis da ya yi haka a bikin aurenmu zai kori garken da aka ba shi kiwo. Abin koyi shi ne zamansa shekara 41 a wuri guda, ko da yake fiye da sau ɗaya ya yi ƙoƙarin gudu ya kaɗaita da addu'a.

A Nijeriya an kafa hukumar ziyarar Kirista a 2007, wasu da suka dawo daga Urushalima suna ƙara JP a bayan sunansu. Ziyara ba laifi ba ce, amma Ubangiji ya nuna wa Basamariya a bakin rijiya cewa Uba ya fi duban zuciyar mai sujada da dutsen da ya tsaya a kai.

Tun da yaƙi ya tashi a 2023, 'yan gudun hijira sun cika Gadarif. Kafin mu tara kuɗin tafiya, mu fara ziyartarsu da abinci, mu kuma turo yaranmu ajin katikisim ran Asabar.