Suturar Uwa Ma'aikaciya a Rubutaccen Adabin Hausa: Sharhi Daga Ƙasar Jega

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi tsokaci a kan wani giɓi da muka lura da shi a cikin littattafan adabi da na al'ada waɗanda muke koyarwa a kwalejojin ilmi. Giɓin kuwa shi ne na matar da ke fita aiki, tana da 'ya'ya, tana kuma sayen tufafin da take sawa da guminta. Mai karatu zai sha wuya kafin ya same ta a cikin wasan kwaikwayo ko ƙagaggen labari, alhali kuwa ita ce ke zaune a gabanmu a aji, ita ce kuma za ta ɗauki littattafan nan ta kai wa yara a makarantun Jega da Aliero da Maiyama. Don kada maganarmu ta tsaya a iska, za mu auna abin da marubuta suka nuna da abin da ke gudana a wannan yanki, musamman a ƙauyuka irin su Gehuru, inda malamar firamare ko ma'aikaciyar ɗakin shan magani kan zama ita kaɗai ce mace mai albashi a unguwarsu.

Watakila wani ya ce zancen zane da kallabi bai kai a kawo shi gaban taron masana ba. To, amma Bahaushe bai raina tufa ba. Kalmar da ya ara daga Larabci, watau sutura, ita ce yake amfani da ita ga abin da ake sawa a jiki, ita ce kuma yake amfani da ita ga rufin asiri, har ma da haɗa mamaci. Abin da ya sami wannan matsayi a harshe ya cancanci a dube shi a adabi.

2.0 Gurbi Biyu da Adabi Ya Ba Tufafin Mata

In muka dubi rubutaccen adabinmu za mu ga tufafin mace ba sa wuce ɗayan gurbi biyu. Ko dai su kasance kyautar namiji, watau toshi da lefe da kayan Sallah da kayan fitar suna, ko kuma su kasance alamar lalacewa. A wasan Uwar Gulma na Mohammed Sada, Halima tana cikin ƙunci ne saboda Hayatu ya kasa ɗaukar nauyin gidansa. Ba ta da wata dabara sai kuka da yaji da kai ƙara. A Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi kuwa, dukiyar attajiri ce ta ƙare a hannun mace mai zaman kanta, kuma hoton da wasan ya bari a zukatan masu karatu shi ne mace mai ƙyale-ƙyale rariya ce da arzikin namiji ke zurarewa ta cikinta. Ke nan mace ko dai ta rasa zane don miji ya hana, ko ta tara zannuwa don ta tatsi wani. Ba a bar ƙofa ta uku ba.

Ba mu ga laifin waɗannan magabata ba ƙwarai. A zamanin da suka yi rubutu, matan Arewa masu aikin albashi 'yan ƙalilan ne. Amma tun daga 1976, sa'ad da aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, aka shiga neman malamai ido rufe, mata suka yi ta kwarara cikin aikin koyarwa da na asibiti. Bayan ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991 ofisoshi suka ƙaru, a Jega ga kwalejin koyon aikin lafiya, a Aliero kuma aka kafa jami'a a 2006. An yi kusan rabin ƙarni ana wannan sauyi, amma galibin littattafan soyayya da finafinan da suka biyo baya sun gaji gurbin nan biyu yadda suka same su. Tauraruwar fim takan sake kaya a kowace fitowa, ba a taɓa nuna wanda ya biya tela ba, ba a kuma taɓa ganin igiyar shanya a gidanta ba.

Littattafan al'ada su ma ba su tsira ba. Abin da suka saba yi shi ne jero sunaye: zane, fatala, gyauto, kallabi, mayafi, saƙi, tsamiya, sai ɗalibi ya haddace ya zuba a jarrabawa. An mai da tufa kamar kayan gidan tarihi, ba farashi, ba mai saye, ba mai wankewa.

3.0 Abin da Tarihin Yankin Ya Nuna

Kuskuren da ya fi damun mu shi ne ɗaukar da ake yi cewa mace mai tufatar da kanta baƙon abu ne da boko ya kawo. Tarihin wannan ƙasa bai goyi bayan haka ba. Jega ta bunƙasa a ƙarni na 19 a matsayin babbar kasuwa a kan hanyar fataken Gwanja, kuma tufa na daga cikin manyan hajojin da ake kaiwa a sayo goro. Baturen nan matafiyi, Barth, da ya ratsa Gwandu a 1853, ya yaba saƙar garin. To, wa ya kaɗa zaren da masaƙa suka saƙa? Mata ne a cikin ɗakunansu, su yi gurza, su yi shiɓa, su ɗauki mazari. Kuɗin zare na mai kaɗi ne, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki, da shi take sayen zanen da miji bai saya ba. Akwai kuma matan da ke saƙa gwado da kansu.

Daɗin daɗawa, a wannan daula ce Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa jajoji, ta ɗora musu malfa da jan ƙyalle, su shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Wannan sutura ce ta aiki, wadda ke shaida wa duk wanda ya gamu da jaji a hanya cewa malama ce, a ba ta girmanta. Abin mamaki ne a ce al'ummar da ta san wannan tun kafin 1864, shekarar da Nana ta rasu, marubutanta sun kasa ganin malama a cikin matar da ta ci ado ta nufi makaranta.

4.0 Mako Guda a Akwatin Malama

Bari mu ɗauki malama mai goyo wadda aka tura ƙauye. Kwana biyar take fita a mako, kuma ba za ta maimaita kaya ɗaya kwana biyu a jere ba, domin idon ɗalibai da na abokan aiki da na matan gari yana kanta. Turmin atamfa yadi shida ne, daga ciki ake fitar da riga da zane da ɗankwali. Zaɓen ɗinkin kansa lissafi ne. In ta yi ɗinki mai kama jiki, ciki na gaba zai raba ta da shi. Zane kuwa yana bin mai shi duk yadda jikinta ya koma, in ya tsufa ya zama zanen goyo, in ya ƙara tsufa ya zama tsumman jariri. Amma zane yana ba da wahala wajen hawan kabu-kabu, shi ya sa siket da doguwar riga suka sami shiga. Dole wuyan riga ko gabanta ya ba da damar shayarwa a tsakanin darasi da darasi. Dole launi ya jure ƙurar hunturu da garin alli da tumbuɗin yaro, ya kuma jure wanki da ruwan rijiya. Duk wannan hikima ce da mata ke tattaunawa da teloli kullum, amma ba mu ci karo da shafi ɗaya da ya kula da ita ba.

Hijabi, wanda ya soma yaɗuwa daga ƙarshen shekarun 1970, marubuta sun ɗauke shi alamar kamun kai kawai, su sa wa yarinyar kirki, su hana wa ta banza. Ba mu musun matsayinsa na addini. Sai dai ga uwa ma'aikaciya yana da wani amfani na biyu da kowace mace ta sani: yana rufe atamfar da ta koɗe, yana rage tazarar da ke tsakanin matar shugaban ma'aikata da ƙaramar ma'aikaciya, yana kuma ceton lokacin ɗaurin kallabi da safe, sa'ad da ake dama koko ana neman takalmin yaro.

Sai batun saye, inda nan ne gizo ke saƙa. A da ana iya cewa atamfar gida ce rufin asirin mai ƙaramin ƙarfi. Masaƙar Kaduna ta farko ta soma aiki a 1957, wasu suka biyo ta, har garin ya zama cibiyar saƙa. Amma ta farkon ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL kuma ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007. Abin da ya cika rumfunan Kantin Kwari a Kano, inda 'yan kasuwar wannan yanki da yawa ke sari, ya koma na Sin, farashinsa kuma ya ɗauru da na dala. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya taɓa jihar da ke iyaka da Nijar da Binin, cire tallafin man fetur a 2023 kuma ya ɗaga kuɗin mota da na komai. A 2024 dokar tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Jihar Kabi ta amince da 75,000. A wannan shekarar turmi ɗaya na Super ta Holan ya ɗara wannan kuɗi. Saboda haka malama ba ta shiga kasuwa da kuɗi a hannu sai nadiran. Dillaliya ce ke kawo mata har gida, ta ɗauka bashi, ta biya kashi-kashi in wata ya yi, ko ta jira kwasar adashi. Kayan yara na yau da kullum kuwa sai wurin 'yan gwanjo.

Anko shi ne abin da masu wa'azi da marubuta suka fi yi wa dirar mikiya, suna kiran sa almubazzaranci. Akwai gaskiya a ciki, don mun san matan da bashin anko ya hana su barci. Amma wanda ya tsaya nan bai ga rabin al'amarin ba. Baƙuwar ma'aikaciya wadda danginta ke nesa, matan wurin aiki su ne danginta. Su za su zo mata barka, su riƙe mata aji ran da yaro ya kwana da zazzaɓi, su haɗa mata gudummawa ran biki. Sayen anko shi ne kuɗin shiga wannan zumunci, wadda ta ƙi kuwa ta san abin da ta sayar. Marubucin da ya iya aikinsa zai sami labari sukutum a cikin daren da mace ke auna anko da kuɗin makarantar ɗanta.

A nan ne kuma rikicin cikin gida ke ɓullowa. A shari'a tufatar da mace da 'ya'yanta nauyin miji ne, dukiyar mace kuma tata ce. A aikace, da zarar ta fara karɓar albashi sai nauyin ya sulale a hankali ya koma kanta, ba tare da an zauna an yi shawara ba. In ta yi shiru ta saya, dangin miji su ce ɗansu na ƙoƙari. In ta fito fes, 'yan gulma su tambayi inda ta samu. In ta nemi haƙƙinta, a ce boko ya buɗe mata ido.

5.0 Inda Aka Kusa

Cikin marubutan da muka karanta, Balaraba Ramat Yakubu ce ta fi kusantar wannan mata. A Wa Zai Auri Jahila? (1990), Abu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990), Rabi, uwar 'ya'ya tara, ta kama sana'ar abinci bayan Alhaji Abdu ya kore ta, ta riƙe 'ya'yanta da kanta. Wannan babban ci gaba ne, don a nan an nuna kuɗi suna shigowa ta hannun mace, an kuma nuna wahalar samunsu. Duk da haka muna da ƙorafi biyu. Labarin Abu ya fi ƙarfi a kan gwagwarmayar kaiwa ga aiki, bai daɗe a kan zaman da ke biyo bayan samun aikin ba. A labarin Rabi kuwa, sauƙi na sosai bai shigo gidan ba sai da 'yarta Saudatu ta auri mai hali. Watau an fita ta ƙofa an komo ta taga: akwatin namiji ne dai ya sake rufa asiri.

A ganinmu adabin baka ya riga rubutacce a wannan fage. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta shafe shekaru tana kiran mata su kama sana'a, tana yi wa wadda ta zauna jiran miji shaguɓe, kuma a gaban matan da suka sayi kayan jikinsu da kuɗinsu take wannan waƙa, su ne ma ke yi mata liƙi. Dalilin bambancin a fili yake. Mai amada tana cikin tsakar gida tare da masu sauraronta, ta san kuɗin turmi, ta san wadda ta ci bashi. Marubuci kuwa, ko da mace ce, yakan rubuta abin da yake zaton kasuwa na so, kasuwar kuma ta saba da akwati goma sha biyu da mota a ƙofar gida.

Mu malamai ma muna da hannu a ciki, ta wajen irin tambayoyin da muke yi. Muna ce wa ɗaliba ta kawo jigon Uwar Gulma, ta kawo kayan lefe guda goma, ba mu taɓa ce mata ta kwatanta halin Halima da na uwarta ko nata ba. Da za a ba ɗaliban da ke zuwa gwajin koyarwa a Gehuru da maƙwabtanta aikin su zauna da tela guda a makon ƙarshe na azumi, su rubuta kayan wa aka fara kawowa, na wa aka biya nan take, na wa aka ce a bari sai bayan Sallah, da sun komo da abin da babu shi a littafi ko ɗaya da ke cikin manhajarmu. Abin da muka saba ji daga bakin teloli shi ne na yara ake fara kawowa, na uwa kuwa sau da yawa yana nan a ninke a ƙarƙashin keke har a sauko daga idi.