Shirun Uba a Fim ɗin Ang Lee

A 1993, shekara shida bayan ɗage dokar soja a Taiwan, Ang Lee ya fito da The Wedding Banquet. A lokacin ba a ko mafarkin auren jinsi, wanda ƙasar ta halatta a 2019. Wai-Tung yana zaune da masoyinsa namiji a Amurka, sai ya ƙulla auren bogi da Wei-Wei don iyayensa su sarara masa.

Uban ne ya fi burge mu. Tsohon soja ne, ashe yana jin Turanci, ya gano komai amma ya yi gum, domin jika yake nema. Wannan shirun ya fi dogon jawabi nauyi.

Sai dai muna ganin an ci da gumin Wei-Wei. Ita ta ɗauki cikin, amma sulhun maza labarin ya fi bai wa muhimmanci.