Waƙar Wanda Fari Ya Kora: Daga Okalahoma Zuwa Kurfai

Mai sauraro a Filinge da ya taɓa jin muryar Jim Reeves ko ta Don Williams a rediyo zai iya ɗaukar kiɗan kantiri na Amurka a matsayin kiɗan masu ƙoshi: sanyin murya, soyayya da begen gida. Sai dai saiwar wannan kiɗa cikin talauci take, kuma ta fi kusa da tarihin ƙasar Kurfai fiye da yadda ake zato.

A shekarun 1930 fari da guguwar ƙura sun cinye gonakin jihar Okalahoma da maƙwabtanta. Dubban manoma suka ɗaure kaya suka nufi Kalifoniya neman ƙodago. Woody Guthrie, ɗan Okalahoma da aka haifa a 1912, ya bi sawunsu da jitarsa, kuma a 1940 ya fitar da faifan Dust Bowl Ballads. Ƙarfin waɗannan waƙoƙi shi ne ba su ɗora laifi kan sama kaɗai ba. Sun ambaci mai kuɗin da ya ƙwace gona, da taraktar da ta kori manomi daga gidansa, da ƴan sandan da suka tsare iyaka suna mayar da duk wanda ba shi da ko sisi.

Magadansa sun rabu gida biyu. Bob Dylan, wanda ya ziyarce shi a asibiti a 1961, ya riƙe kaifin harshen, har ya haɗa shi da jitar lantarki a 1965. Dolly Parton ma, cikin Coat of Many Colors ta 1971, ba ta ɓoye tsummokaran da mahaifiyarta ta ɗinka mata riga da su ba. Amma a wannan shekarar John Denver ya rera Take Me Home, Country Roads, inda ƙauye ya zama duwatsu da kogi kawai. Waƙa ce mai daɗi, sai dai ba ta faɗi abin da ya raba mutum da gida ba. A nan ne raunin yawancin kantiri na kasuwa yake.

Kurfayawa sun san wannan labari tun kafin su ji shi da Turanci. A 1931, daidai lokacin da ƙura ta fara turnuƙe Amurka, fara da ƙarancin ruwa sun jefa yammacin Nijar cikin yunwa mai tsanani, haraji da aikin tilas na mulkin Faransa suka ƙara wa miki gishiri. Jama'a suka watse, kamar yadda suka sake yi a 1973 da 1984. Hanyar cin rani zuwa Kumasi da Akara ita ce Kalifoniyar mutanen Dallol Boso.

Bambancin yana wajen adanawa. A 1940 Alan Lomax ya zaunar da Guthrie gaban na'ura, ya naɗi waƙoƙinsa da hirarsa don babban ɗakin karatu na majalisar Amurka. Da yawa daga abin da Kurfai ta rera game da yunwa, a bakin turmi ko a dandali, yana hannun tsofaffi ne, kuma tsofaffi tafiya suke yi.

Saboda haka malamin da ya kunna wa ɗalibai Guthrie a darasin Turanci ya yi rabin aiki. Cikonsa shi ne ya tura su wajen kakanninsu su naɗo abin da aka rera a 1984, ƙungiyoyin al'adu kuma su rubuta shi, su kai kwafi cibiyar CELHTO da ke Yamai. A nan ne za a ga ko waƙar Kurfai, kamar ta Guthrie, ta ambaci mai haraji tare da fara.