Littattafan Tarihin Bauchi da Dajin Yankari: Wanne Ya Cancanci Kuɗinmu?

Yaranmu da yawa a nan Bauchi aka haife su, amma ka tambaye su wa ya kafa garin, sai su yi zuru. Wanda bai san tarihin inda ya sauka ba kuwa, kullum baƙo ne. Ga littattafan da muka duba.

Na farko Infaƙul Maisur na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Masu Larabci su fara da shi, don nan ne tushen jihadin da Malam Yakubu ya karɓo tutarsa daga Shehu Usmanu. Sai dai idonsa na kan Gobir da Sakkwato, rabon Bauchi kaɗan ne.

Na biyu The Emirates of Northern Nigeria na Hogben da Kirk-Greene, bugun 1966. Babin Bauchi gajere ne, amma ya bi sarakuna tun daga Yakubu, wanda ya kafa birnin a 1809, har ya ratsa shigowar Turawa a 1902. Aibinsa, tarihin fada ne, kuma ma'aikatan mulkin mallaka ne suka rubuta. Fatake da maƙera ba su da murya, mutanen duwatsun Ningi kuwa sai yaƙi ya tashi ake jin sunansu.

Na uku A Right Honourable Gentleman na Trevor Clark, 1991, tarihin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ƙato ne, sai mai haƙuri, amma za ka ga Bauchin zamanin Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano. Marubucin masoyinsa ne, don haka a rage wa yabon gishiri.

Inda aka fi yi mana rowa shi ne Yankari. Takardun masu yawon buɗe ido giwaye kawai suka sani, da ruwan ɗumi na Wikki, da cewa an keɓe dajin a 1956, an buɗe shi a 1962. To, su wa suka haƙa rijiyoyin Dukkey? Su wa suka narka tama a can? Dajin nan ba haka ya tashi babu mutane ba.

Shawararmu, a haɗa kuɗi a masallaci a fara sayen na biyun, ana karanta shi tare da na Bello. Ɗalibanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya kuma su zauna da dattawan ƙasar Alkaleri, su rubuto mana na Yankari da Hausa tun masu labarin suna raye. Allah Ya sa mu dace.