Sarki Cikin Mari: Hoton da J. A. Green Ya Ɗauka a 1897

Shekara da shekaru masu tattara tsoffin hotunan Afirka ta Yamma suna ganin hatimin "J. A. Green" a bayan hoto, suna ɗauka wani Bature ne. Ashe ɗan garin Bonny ne, a gaɓar teku, daga Ibani na ƙabilar Ijaw. Cikakken sunansa Jonathan Adagogo Green. An haife shi a 1873, ya rasu a 1905 yana da shekara 32 kacal.

Bonny ta lokacin gari ne na cinikin manja, cike da 'yan kasuwar Ingila da hakimai masu arziki. Duka ɓangarorin biyu Green ya yi wa aiki: Turawa a gaban kamfanoninsu, hakimai kuma cikin kayan alfarma.

Hotonsa da ya fi shahara shi ne na Oba Ovonramwen na Benin. A 1897 Ingila ta ƙone birninsa, ta kwashe kayan tagulla da na hauren giwa na fada, sannan aka ɗora shi a jirgin ruwa mai suna Ivy zuwa Kalaba, inda ya rasu a 1914. A cikin jirgin Green ya ɗauke shi yana zaune, sojoji baƙar fata na tsaye da bindigogi, irin waɗanda Turawa ke yi wa kuɗin goro da sunan "Hausa" ko da ba Hausawa ba ne.

Abin da masu mulki ke so a gani shi ne sarki ya faɗi. Amma duba hoton da kyau. Oba ne a tsakiya, shi kaɗai ke zaune, kuma a fadojinmu mai zama shi ne babba. Sojojin da aka sa su tsare shi sai suka koma kamar dogarai. Kyamarar zamanin babba ce mai ƙafa uku, a kan farantin gilashi take ɗauka, don haka sai an tsara kowa a wurinsa kafin a buɗe ido. Wani ne ya yi wannan tsarin, kuma mutumin da ya saba ɗaukar hakiman Bonny ya san yadda ake zaunar da mai sarauta.

Sai dai ban yarda da masu son mayar da Green ɗan gwagwarmaya ba. Mai sana'a ne, kuma Turawa na cikin manyan masu sayen kayansa. Marin da ke ƙafar Oba ma ya fito, bai ɓoye shi ba. Hoto guda ya gamsar da mai nasara, kuma ya bar wa mutanen Benin sarkinsu da kwarjininsa. Nan gwanintar take.

Hotunansa sun yi ta yawo a jaridu da littattafan Turawa, sau da yawa babu sunansa. Sai a 2017 Martha Anderson da Lisa Aronson suka fitar da cikakken littafi a kan aikinsa, shekara 112 bayan rasuwarsa.