Murya da Kakaki: Sharhi a Kan Faifan Chet Baker Sings da Hukuncin Masu Suka

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi faifan Chet Baker Sings, wanda kamfanin Pacific Jazz na birnin Los Anjalos ya fitar a 1954, da irin tarbar da manazarta kiɗan jaz suka yi masa. Manufarta ita ce nuna cewa ma'aunin da aka auna shi da shi tun farko bai dace da shi ba.

2.0 Zubin Faifan

Chet Baker (1929-1988) mabushin tirampet ne, wato kakakin Turawa, wanda ya yi suna a ƙungiyar Gerry Mulligan tun 1952. A wannan faifai ya jagoranci ƙungiyar mutum huɗu: shi kansa, da Russ Freeman a kan fiyano, da makaɗin babban goge mai kaurin amo, da maganga. Waƙoƙi 8 ne a fitowar farko, aka ƙara 6 a 1956. Ba shi ya tsara su ba. Sanannun waƙoƙin soyayya ne na Amurka, irin su "My Funny Valentine". Sabon abu shi ne mabushi ya ajiye kakaki ya rera da bakinsa.

3.0 Hukuncin Masu Suka

Matasa sun yi rububin sayen faifan, amma masu suka da dama sun yi masa ca. Sun ce muryar siririya ce, ba ta da ƙarfi, kuma ba ta maza ba ce. Akwai kuma wani ƙorafi a ƙasa: a 1954 masu karanta mujallar DownBeat sun zaɓi Baker, farar fata, a gaban Miles Davis da Clifford Brown. Wannan ƙorafi yana da tushe, sai dai laifin na masu zaɓe ne, ba na faifan ba.

4.0 Tsokaci

Duk wanda ya saurari "I Fall in Love Too Easily" da kunnen nazari zai ji cewa numfashi ɗaya ke ɗauke da rerawa da busa. Jimlolin gajeru ne, babu karkarwar murya, babu ƙawa, kuma inda baki ya tsaya nan kakaki yake ɗorawa ba tare da salo ya sauya ba. Ashe ke nan muryar ci gaban busa ce, kuma auna ta da mudun mawaƙa masu ƙarajin murya tamkar auna hatsi da kamun hannu ne.

5.0 Kammalawa

A 2001 aka shigar da faifan cikin jerin fayafayan girmamawa na Grammy, shekara 13 bayan rasuwar Baker a Amsatadam. Faifan bai sauya ba, kunnen masu suka ne ya sauya. Darasi ga manazarcin kowace irin waƙa shi ne ya fara gano abin da mawaƙi ya nufa, sannan ya yanke hukunci a kan ko ya cim masa.